Sabon littafin da nake jira bayan Sallah: in bar ƙanwata ta karanta shi?

Maman Sadiq:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun watan Rajab nake zuba ido kan wani littafi, yanzu kuma da fitowarsa ta matso sai zancen ya zame mini abin tunani, shi ya sa na kawo shi gabanku.

Ba zan ambaci sunan marubuciyar ba, kada a ce talla nake mata ko kushe. Masu bibiyarta za su gane. Ta saki shafuka uku na ɗanɗano a guruf ɗinta na WhatsApp, ta ce sauran littafin sai bayan ƙaramar Sallah za ta riƙa sakinsa shafi-shafi, kuma na kuɗi ne. Labarin wata yarinya ne 'yar shekara 22, an sa mata rana, saura kwanaki kaɗan biki 'yan bindiga suka haura gidansu cikin dare suka tafi da ita. Abin da ya kama ni shi ne ba daga daji labarin ya fara ba. Ya fara ne ranar da ta dawo, bayan an kai kuɗin fansa da babura. Gida ya cika maƙil da 'yan barka, mahaifiyarta ta ɗora mata ruwan zafi, gwaggonninta na ta shafa kanta suna kuka, kowa ya shigo sai ya ce "kin ci abinci?", amma babu mutum ɗaya da ya ce mata "me ya same ki?". Dangin ango suka aiko a ɗaga biki, wai sai ta huta. A shafi na uku tana kwance a ɗakin mahaifiyarta sai ta jiyo wani a zaure yana gaisawa da babanta, yana yi masa barka da arziki. Ta gane muryar. Ita ce wadda ta riƙa ji ta waya a daji lokacin da ake cinikin kanta. A nan marubuciyar ta dasa aya.

Wallahi na daɗe ban karanta buɗewar labari da ta riƙe ni haka ba. Ina son jan rai, ina son soyayya, kuma matar ta iya alƙalami. Amma akwai abu biyu da ke damuna.

Na farko tsoron inda labarin zai nufa. Na karanta da yawa masu irin wannan jigon, kuma kusan hanya ɗaya suke bi. Za a nuna mana yarinya ta sha wuyar da ba ta faɗuwa, sannan wani matashin soja ko likita ɗan masu hali, miskili, ya faɗo rayuwarta. Daga ranar da aka shafa fatiha shi ke nan, ba firgita, ba mugun mafarki, an tafi Umara an dawo da ciki. Wannan abin yana yi mini ciwo ƙwarai, domin na san ba haka yake ba.

Yadda aka yi na sani shi ne abu na biyu. Ina da ƙanwa, 'yar ƙanin mahaifina, da aka ɗauke daga ƙauyenmu a kudancin Katsina a 2022. Allah Ya kuɓutar da ita, kuma tun bayan dawowarta a wurina take zaune. Har yau ba ta kwana da fitila a kashe. In babur ya wuce ta bayan gida da dare zumbur take miƙewa zaune, wani lokaci sai na same ta a bayan ƙofa ta rungume gwiwa. Ba ta cin abincin da ya yi ƙaurin hayaƙi. Wanda zai aure ta ya janye ba tare da ya ce komai ba, kawai ya daina zuwa. A gidanmu kuwa an rufe maganar ruf, Inna ta ce tonawa ba shi da amfani, a bar wa Allah. Da rana in kun gan ta ba za ku ce akwai wani abu ba, tana ɗinkinta, tana wasa da yarana. Abin da ke ɗebe mata kewa shi ne karatun littattafai a waya, kuma tana cikin wancan guruf ɗin. Ta karanta ɗanɗanon kafin ma ni in gani. Shekaranjiya ta ce mini, "Yaya, in ya fito ki biya mini."

Maigidana ya ce kada in kuskura, fama mata ciwo zan yi. Ni kuma raina yana gaya mini wannan ne karo na farko da ta nuna tana son kusantar zancen da kanta, ko da ta bakin wata ce a cikin labari. In na hana ta, na zama ɗaya daga cikin masu tambayar "kin ci abinci?". In na bar ta kuma labarin ya koma aure ya warkar da komai cikin sati biyu, ina tsoron ta ce to ni me ya sa ban warke ba, ko don ba wanda ya aure ni.

Don Allah masu sani ku ba ni shawara. In biya mata ko in hana? Kuma marubutan da ke nan, me ya sa ba a barin jaruma ta warke a hankali kamar yadda mutane ke warkewa?

Ummu Hanan:

Wa alaikumus salam. Allah Sarki, Allah Ya ba ƙanwarmu lafiya, Ya saka mata. Ni ma ina guruf ɗin, kuma tun ranar nake ta lissafin mai muryar nan. Kowa na cewa kawunta ne, ni kuwa zuciyata ta fi kwanta wa yayan angon, saboda yadda aka yi saurin aiko da maganar ɗaga biki kamar da ma an shirya. Game da tsoronki na farko, na karanta littafinta na baya, ba ta cika gaggawar haɗa aure ba, sai ta wahalar da mu tukuna. Amma batun ƙanwarki ya fi ƙarfina, bari masu ilimin abin su zo.

Anti Nas:

Maman Sadiq, sannu da ɗawainiya, Allah Ya ba ki lada. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, irin abin da kika kwatanta muna ganinsa kusan kullum.

Abubuwan da kika lissafa suna da suna a asibiti, ciwon firgita ne da ke biyo bayan mummunan abin da ya sami mutum, likitoci na taƙaita shi da PTSD. Alamominsa sanannu ne: abin ya riƙa dawo wa mutum a mafarki ko ido biyu kamar yanzu yake faruwa, ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa, ya zama kullum a ɗarare ko ƙaramin motsi ya razana shi, sannan ya riƙa ganin laifin kansa. Kusan kowa zai yi haka a makonnin farko, da yawa kuma yana lafa musu da kansa. In ya wuce wata ɗaya yana hana mutum barci da walwala, ya zama ciwon da ake nema wa magani. Ƙanwarki tun 2022 take ciki. Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa a wuraren da ake rikici, kusan mutum 1 cikin 5 na fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, kama daga damuwa zuwa irin wannan firgitar.

Maigidanki yana da gaskiya ta wani ɓangare, labarin zai iya tayar mata da abin. Amma ki sani gudun tunawar nan shi kansa yana cikin abin da ke sa ciwon ya daɗe. Shi ya sa maganin da ya fi aiki shi ne zama da ƙwararre, ana bin abin da ya faru daki-daki, a hankali, har jiki ya yarda cewa ya wuce. Littafi ba zai maye gurbin wannan ba. Ta kwanta ita kaɗai ƙarfe ɗaya na dare tana karanta yadda aka haura katanga, wannan ba magani ba ne.

Ga abin da zan yi da ni ce. Ba zan hana ta ba, domin wanda aka tsare a daji abin da aka fara ƙwace masa shi ne ikon cewa e ko a'a, bai kamata a gida ma a ci gaba da yanke mata hukunci ba. Zan riga ta karanta kowane shafi, in gaya mata "na yau akwai daji a ciki, kina so ko mu tsallake?". Da rana za mu karanta, ba dab da barci ba. In ta ce ta fasa, an fasa, ba tambaya. Kuma kada ki yi amfani da labarin ki riƙa tatsar ta, "ke ma haka aka yi miki?". In za ta faɗa da kanta za ta faɗa, naki sauraro.

Sannan ki daure ki kai ta a duba ta, wannan ya fi littafin muhimmanci. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa irin na Shika a Zariya suna da sashen. Ga waɗanda aka ci wa zarafi akwai cibiyoyin Salama a jihar Kaduna da Waraka a Kano, suna ba da shawara cikin sirri. Mutane na tsoron a ce an kai 'yarsu gidan mahaukata, amma yawancin masu zuwa ganin likita suke su koma gida a ranar. Doka ma ta canza, a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta tanadi haƙƙin mara lafiya na a nemi yardarsa a kuma rufa masa asiri. Addu'a da azkar da rukiyya ku ci gaba da su, ba sa karo da asibiti. Annabi (SAW) ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar da maganinta. In kuwa kika taɓa jin ta ce gara mutuwa ko ta gaji da rayuwa, ranar za ku tafi, kada ki jira Sallah.

Baban Khalifa:

Hajiya Maman Sadiq, Allah Ya ƙara haƙuri. Ni dattijo ne a harkar nan, na yi sana'ar sayar da littattafan Hausa da bayar da hayarsu a Kano tun shekarun 1990, lokacin da ake buga labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, 'yan mata na aiko ƙannensu su tambaya ko ci gaban ya iso.

Mutane na raina waɗannan littattafai da cewa soyayya ce kawai, alhali tun farko ciwon cikin gida suke faɗa: auren dole, kishi, sakin wulaƙanci, cire yarinya daga makaranta. Ki duba Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da ya fito a 1990, labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta ta koma sayar da abinci tana riƙe su. Har Turanci aka fassara shi a 2012, wani kamfani a Indiya ya buga. To jigon garkuwa da mutane shi ne auren dolen wannan zamani, dole marubuta su shiga shi.

Tambayarki ta me ya sa ake gaggawar warkar da jaruma, ni a ganina yadda ake rubutun yanzu ne ya jawo. Da marubuci sai ya gama kashi guda kafin ya kai maɗaba'a. Yanzu da yawa suna rubutawa suna saki, masu karatu na bin su da sharhi kowane dare, "Anti don Allah a haɗa su haka nan", "mun gaji da kuka". Wadda ta karɓi kuɗin mutane da wuya ta iya toshe kunne.

In marubuciyar nan na son labarinta ya zauna daram, ba a wurin saurayi nauyin yake ba, a cikin gida yake. Kuɗin fansa ba daga sama suke faɗowa ba. An sayar da gona, an sayar da shanun noma, an ci bashi, an bi dangi gida-gida da ƙoƙon bara. Bayan an gama murna sai a wayi gari babu abin da za a noma, ƙanin uba da aka sayar da gonar gado har da kasonsa ya fara magana ƙasa-ƙasa, matarsa ta yi gugar zana a gidan suna. Yarinyar tana ji, ta san saboda ita gidan ya talauce. Wanda ya ɗauki kuɗin ya shiga daji shi ma ya dawo da nasa ciwon, ba mai tambayarsa. Ga kuma zargi, don kowa ya san ba a shiga gida kai tsaye a nufi ɗakin da ake so sai da infoma, sai a koma kallon maƙwabci da suruki da ɗan ɗaki da ido biyu. Wannan kaɗai ya isa jan rai har ƙarshen littafi. Sai ta kula da lokaci ma, in ta ajiye labarin a ƙarshen 2021 ta tuna a watan Satumbar shekarar aka katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, aka rufe kasuwannin mako, to ciniki ta waya ba zai zo da sauƙi ba. Mutanen yankin za su kama ta in ta yi sakaci.

Game da ƙanwarki, da girmamawa ga Anti Nas, ni ina bayan maigidanki. A bar littafin ya kammala tukuna, ki karance shi tas, ki san inda ya dosa, sannan ki yanke. Labarin da ake saki shafi-shafi an gina shi ne don ya bar mutum a rataye kowane dare, ita kuwa ratayar ce ba ta buƙata.

'Yar Alƙalami:

Anti Maman Sadiq, ni ƙaramar marubuciya ce, bari in ɗan kare mu. Gaskiya ne muna gaggawa, kuma abin da Baba ya faɗa na matsin masu karatu haka yake. Amma kada a ce a cire auren gaba ɗaya. Yarinyar da aka dawo da ita daga daji, abin da ake raɗa mata a unguwa shi ne ta gama aure, ba mai kwasa. In ta buɗe littafi ta ga irinta an nema da daraja, an biya sadaki, an kai lefe, dangin miji sun karɓe ta ba a ɓoye ba, wannan ma wani abu ne. Addini bai ɗora mata laifi ba, hadisi ya zo cewa an ɗauke wa al'ummar nan kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta su a kai. Mutane ne suka ɗora, kuma ta labari ake sauke irin wannan a hankali.

Inda na yarda da ke shi ne kada miji ya zama allura. A bar ta ta firgita a ɗakin aurenta, a nuna shi ya rasa yadda zai yi, ya yi kuskure, ya koyi barin fitila a kunne, ya raka ta asibiti. Soyayyar ta fi daɗi a haka. Kuma matan da ke iya rubuta ciwo ba tare da sun shafa masa zuma ba suna nan da yawa, duk mai bin gasar Hikayata ta BBC Hausa tun da aka fara ta a 2016 ya ji irinsu. Ki tura wa marubuciyar saƙo ta gefe, ba sai kin ambaci ƙanwarki ba, ki gaya mata akwai masu karanta ta da abin ya shafa kai tsaye. Yawancinmu muna jin irin wannan maganar fiye da sharhi ɗari na "a haɗa su".

Maman Sadiq:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Baba, maganar gonar nan ta taɓa ni, don a gidanmu ma an sayar, kuma har yau akwai wanda ba ya amsa gaisuwar yarinyar da sakin fuska.

Jiya bayan la'asar muna tsinke zogale na tambaye ta abin da ya sa take son littafin. Na zaci za ta ce soyayyar. Sai ta ce ita so take ta ga ko yarinyar za ta faɗa wa mahaifiyarta ta gane muryar, in kuma ta faɗa, ko za a yarda da ita ko za a ce ta rufa wa dangi asiri. Ban ce mata komai ba, ban kuma tambaye ta dalili ba, kamar yadda Anti Nas ta ce. Amma jikina ya yi sanyi, kuma na ƙudurta duk ranar da ta zo mini da wata magana, ko wa ta shafa, zan tsaya mata.

Na karanta wa Baban Sadiq amsoshinku. Mun tsaya a tsakiya: zan biya, ni zan riƙa karɓar shafukan a wayata, in tara na sati in karanta, sannan mu zauna tare ranar Asabar da hantsi. Ta amince, ta ma ce za ta fita daga guruf ɗin da kanta don kada sharhin mutane ya riƙa shigo mata da dare. Maganar asibiti kuma shi ya fara cewa a je, abin da ban zata ba. Saura Inna, ita ce sai an bi ta da lallami. Saƙon marubuciyar ma zan tura yau in sha Allah.

Anti Nas, tambaya biyu. Sai da takarda daga wani asibitin ake zuwa, ko za mu iya tafiya kai tsaye? Kuma za a bar ni in shiga tare da ita wurin likita? Ba ta sakin jiki da baƙon namiji ko kaɗan.

Anti Nas:

Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya galibi kai tsaye ake zuwa a yanki kati, asibitin koyarwa ne aka fi neman takardar turawa, ita ma likitan babban asibitin garinku zai rubuta muku. Ku fita da sassafe saboda layi. Za a bar ki ki shiga in ita ta so, sai dai akan nemi ɗan lokaci da mara lafiya shi kaɗai, kada ki ji haushin hakan, akwai abin da ba za ta iya faɗa a gabanki ba saboda kunya. Tun a wurin yankar kati ki ce mace kuke so ta gan ta, in babu likita mace a ranar a haɗa ta da nas mace ta zauna a ɗakin. Kafin ku tafi ki gaya mata inda za ku da abin da za a yi, kada ki ce mata unguwa za ku. In tana shan wani maganin barci ko na gargajiya ku tafi da shi a gani. Inna kuma ki ce mata maganin rashin barci da firgita za a nemo, gaskiya ce kika faɗa, kuma za ta fi saurin karɓa.